Maigida Ya Kasa Ɗaga Ƙugu

"Baba, ƙugu za ka ɗaga, ba kai ba," in ji likitar gashin ƙashi daga cikin wayar da aka jingina da filo.

Tsohon direban ya sake ɗago kai daga tabarma.

Matarsa ta yi tsaki. Ita ta shekara tana dafa bango kafin ta miƙe, amma ta ƙi asibiti, wai ciwon baya na ragwaye ne. Shi ga shi kullum ana kiransa ta bidiyo, ɗan motsa jikin ma ya gagare shi.

"Matsa, Malam. Kalli yadda ake yi."

Ta kwanta ta yi ta yi, har likitar ta ce ya isa. Haka ake fama tun da aka fara.

Ta fita ɗebo masa ruwa. Tana dawowa ta hango shi ya miƙe zumbur kamar yaro, likitar kuma ta rage murya:

"Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi sosai. Yau ko bango ba ta dafa ba. To likita, gobe wanne zan kasa?"