Magaryar Bakin Shinge

Bari in ba ka misali da wani mai lambu, mutum mai ƙwazo amma mai taurin kai. Ya samu wata magarya mai manyan 'ya'ya, ga zaƙi kamar dabino, sai ya yi ta yanko rassanta yana yi wa ƙananan magare aure da su, har ya tara bishiya arba'in, duk daga uwa ɗaya. Magaren daji da ke lambun kuwa ya bi su da gatari, wai kada su ɓata masa iri. Guda ɗaya ta rage a bakin shinge, mai ƙaya da 'ya'ya ƙanana masu tsami, ta wata tsohuwa maƙwabciyarsa, kullum yana kai mata ƙorafi a sare ta.

Da lokaci ya yi, bishiyoyin suka cika da fure, ƙudan zuma na ta kai da kawowa, amma furen sai ya bushe ya kakkaɓe. Shekara ta biyu ma haka. Mutumin nan ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ƙara taki, ya rage ruwa, ya sake ƙarawa, ya zargi tsutsa, ya zargi bakin mutane, tuwo ma a tsaye yake cinsa. Wahalar shekara bakwai na neman tafiya a banza. A ƙarshe ya ɗora laifin kan magaryar tsohuwa, ya matsa mata har ta gaji ta ce ya je ya sare. Ya iso da gatari ke nan ya ɗaga kai, sai ya ga uku daga cikin bishiyoyinsa, waɗanda ke daf da shingen, sun sunkuya saboda nauyin 'ya'ya. Sauran talatin da bakwai ko ƙwaya ɗaya babu.

Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ai arba'in ɗin taka bishiya ɗaya ce ka rarraba. Furenta ya san garin furen da ya fito daga jikinta, in ƙudan zuma ya kawo masa ba ya karɓa, sai na bare. Baren kuwa duk ka sare su, saura wannan."

Ya dubi gatarin da ke hannunsa, ya sauke shi ƙasa, don sara uku ne kawai tsakaninsa da tsiya. Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.