Hannun Baba

Ina aji biyu a kwalej, nan Damagaram, malamin zane ya ce kowa ya zana mai sana'a. Na zana babana, baduku a unguwar Birni, amma na cusa hannuwansa cikin aljihu, don ina jin kunyar jan rinin fatar da ya kama su.

Ranar da Malam ya mayar da takardu, tawa ba maki. Ya ce, "Baduku ba hannu? Ɗana, je ka zauna ka dubi hannun mahaifinka da kyau, sannan ka ba kanka maki."

Ban duba ba. Yanzu Baba ya daɗe da rasuwa. Fuskarsa tana nan a takardar, amma hannun da ya ciyar da ni na kasa tuna kamanninsa.