Gurbin Ginshiƙai a Gonar Bagama

Tayyiba ta durƙusa a ramin gwaji tana kankare ƙasa da cokalin magina, har wani baƙin tabo mai zagaye ya fito sarai a cikin jar ƙasa.

"Gurbin ginshiƙi ne, Dakta," ta ce wa malamarta Morenike. "Itacen ya ruɓe tun ba a san za a yi Suleja ba, sai tabonsa. Ga wani can, ga wani. Ɗaki ne guda."

"Zurfin nan ya wuce na garma. Ya aka yi kika san suna nan?"

"Sa'a ce kawai, Ma."

Gonar uban Tayyiba ce, a bayan Bagama. Shi kuwa tun tana firamare aka ce ya tafi Fatakwal neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yanzu ƙanensa, Baffa Abdulsalami, ya samo masu gina rukunin gidaje daga Abuja. Sun auna, sun kafa turaku, katafila kawai ake jira ta zo ta tone fandisho. Tun ranar awon mahaifiyar Tayyiba, Rahmatu, ta daina cin abincin kirki. Sai ta zauna tana murza hannunta na hagu, wanda ya karye shekarun baya ya ɗoru a karkace.

Tayyiba ba ta zauna ba. Ta kai hotunan tabon gidan mai unguwa, ta bi ofis-ofis, ta jawo 'yan rediyo har cikin kunyoyin dawar gonar. Baffa ya ce boko ya taɓa mata kai.

"Ruɓaɓɓen icce za mu ci? To ku tone ku kwashe tsiyarku, a ba mutane wuri!"

"Ba a kwasar tabo, Baffa. Da an tone, ya tafi ke nan. Kariyarsa ita ce a bar shi a binne."

Wannan magana ta shiga kunnen Dakta Morenike, domin ita ta koyar da ita a aji. Ta so dai a buɗe rami ɗaya kusa da tsamiya, inda ciyawa ta fi duhu. Tayyiba ta ce saiwoyi sun riga sun lalata wurin, asarar lokaci ce.

Kafin kaka hukuma ta ayyana gonar a matsayin wurin tarihi, aka zagaye ta da waya. Aka hana tarakta shiga, aka hana duk haƙan da ya wuce bakin fartanya. Masu gidaje suka cire turakunsu.

Ran nan da la'asar Rahmatu ta zo ta tsaya a jikin wayar, idonta a gindin tsamiya.

"Ba za su tona ba?"

"Har abada, Mama."

Rahmatu ta sauke numfashi, ta saki hannun nan nata.

Tayyiba ba ta taɓa mantawa da baƙaƙen tabon nan ba. Ta fara ganin su ne tana yarinya, a bangon kabarin da ita da uwarta suka haƙa wa ubanta a ɓoye a gindin tsamiya.