Hoton da Babu a Bango

Dangin ango sun gama shan shayi har sun miƙe, sai gwaggon angon ta tsaya tana ƙare wa bangon falo kallo. Ga hoton kaka an rataya masa fure, ga na kawu. To ina na babbar 'yar gidan da aka ce ta rasu? Cikin murmushi ta ce gidan da ba a rataya wa mamaci fure ba, lallai akwai magana a ƙasa.

Damayanti, uwar amarya, ta ce hoton yana wajen mai sa gilashi. Ƙarya ta shara. Mijinta ya ƙone hotunan babbar 'yar tasu, Nilima, kaf tun makon jana'izarta, jana'izar da aka yi a gurguje a bakin kogi, aka ƙona gawar bisa al'adarsu ba wanda ya ga fuskarta. Yanzu ga shi baƙin za su dawo sa rana, in kuwa suka tarar da bangon haka, auren autarta Rachana ya watse. Sau biyu ke nan manema suna janyewa bayan sun yi bincike a unguwa.

Mijin bai ce ta je ta sa a zana wani hoton ba, bai kuma hana ta ba. Ya dai juya fuskarsa bango, irin jarumtar da ya fi ƙwarewa a kai.

A duk garinsu na Darbhanga, a ƙasar Indiya, mutum ɗaya ce za ta iya aikin, wata mai zanen mata da alƙalami da tawada, matar wani baduku a bayan kasuwar fata. Damayanti, 'yar gidan malaman ibada, ba ta taɓa taka unguwar nan ba, don a al'adarsu ko taɓa dukawa ƙazanta ne. Ta ja gefen zanenta na sari ta toshe hanci, ta shiga da jin kunya kamar ɓarauniya.

Ɗakin cike yake da zanen mata, masu lulluɓi, masu tulu a ka, amare da zobe a hanci. Mai zanen ta daɗe tana kallonta kafin ta nuna mata kujera. Ta kawo ruwa a kofin ƙarfe. Damayanti ta dube shi, ƙishi na cin ta, amma hannunta ya ƙi miƙuwa. Mai zanen ta yi 'yar dariya ta ɗauke abinta.

Damayanti ta faɗi buƙatarta idonta a ƙasa, kamar ba ta san ta ba. Mai zanen ba ta tambayi tsawon hanci ko girman ido ba. Shekarun yarinyar kawai ta tambaya, da abin da aka ce ya kashe ta.

"Zazzaɓi," in ji Damayanti.

"Allah sarki. Zazzaɓin nan bai da tausayi, Mama."

Ta tsoma alƙalami ta fara. Jifa-jifa takan ɗaga kai ta dubi madubin kabad ɗin da ke bayan Damayanti, ta koma kan takarda. Fuskar ta riƙa fitowa layi bayan layi, har da tabon haɓa na faɗuwa daga bishiyar mangwaro. Damayanti ta yi kuka, kukan gaske, wanda aka hana ta yi a gida shekara da shekaru.

Da ta gama, mai zanen ta ɗauko jar tawada za ta ja layin nan na tsagar gashi, alamar matar aure. Damayanti ta kai hannu za ta riƙe ta, ta tsaya kafin ta taɓa.

"Kar ki sa. Ba ta yi aure ba ta mutu."

"Haka aka ce?"

"Don Rachana. Na roƙe ki."

Mai zanen ta mayar da murfin kwalbar. Ta hura zanen har ya bushe, ta naɗe shi, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu don kar yatsunsu su haɗu. Ta ce ba a biyan irin wannan aiki, a gaida amarya.

Damayanti ta kai bakin ƙofa ke nan ta ji muryar a bayanta, a sanyaye.

"Ki ce wa Baba ya riƙa canja furen, Mama. Tunda damin ciyawa kuka ƙona a madadina ranar da na auri baduku, ai ko ba komai na cancanci ɗanyen fure."