Kolyo Zai Kai Ƙarar Mai Kiransa Gwani

"Zagi ne, Desi! Ni da na biya miki makarantar lauya za ki koya wa zagi?" Tsoho Kolyo ya buga tebur har kofin gahawa ya yi tsalle.

Wata uku ke nan wani mai suna Baƙar Mage yana lallasa shi a wasan karta na waya. Duk sanda ya ci shi sai ya rubuta a wajen hira, gaban 'yan wasan garinsu Plovdiv kaf: "Sannu gwani." Yanzu ko wajen mai aski Kolyo ya shiga, gwani ake ce masa ana ƙunshe dariya. Shi dai so yake kotu ta dawo masa da mutuncinsa.

'Yar tasa ta ce, "Baba, zagi kam doka na hukunta shi. Amma gwani yabo ne. Kafin alƙali ya yarda gatse ne, sai ka rantse gaban jama'a cewa ba ka iya wasan ba."

Kolyo ya ce, "To in na rantse, wa zai yarda? Sai da shaida."

Matarsa Velika, da ke yanka barkono, ta goge hannu ta zaro wayarta. "Ni zan yi maka, Maigida. Wasa tamanin da huɗu na ci ka da sunan Baƙar Mage, duk suna nan."

Kolyo ya fice ya banko ƙofa, ko takalmi bai tsaya nema ba.