Gwiwar Inna

Tun da kamfaninsu na manhaja ya bunƙasa har ya haɗiye benen maƙwabta, aka ba kowane ma'aikaci Wakili, wata muryar na'ura irin tasa sak, mai kiran dangi ta gaishe su a madadinsa. Uwani kam ta ji daɗin abin. Aiki na tafiya, ga shi har tana cin dambunta a natse.

Ran Juma'a ta leƙa mahaifiyarta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," in ji Inna. "Kullum sai kin kira kin tambayi gwiwata."

Uwani ta yi murmushi, ta ɗauko man zafi, ta durƙusa. Sai ta tsaya tana duban gwiwoyin biyu, ba ta san wacce ke ciwon ba.