Gumin Uwani

Tun da aka hana mutane aikin hannu aka bar wa injuna, a gonar shayi ta tsaunin Mambila kaɗai ake barin mutum ya gaji, shi ma sai ƙuri'a ta faɗo kansa. Bana kan Uwani ta faɗo. Yayarta Kande ta zo rakiya, aka ɗaura mata jan zare a hannu, alamar kallo kaɗai aka yarda ta yi.

Tun safe Kande ke biye da ita. Uwani na goye da kwando, tana tsinkar ganye, gumi na ɗiga ta haɓarta.

"Wash, Yaya, bayana kamar zai ɓalle!" in ji Uwani, tana dariya.

"Ke da ko tsintsiya ba ki iya riƙewa ba a gidanmu," in ji Kande. "Wa ke yi miki wanke-wanke a lokacin, in ba ni ba?"

Wani tsoho da ke zagayawa da baƙi ya zo wucewa. Ya ce wa Uwani, "Sannu da aiki." Kande kuwa, kai kawai ya gyaɗa mata. Rabonta da a ce mata sannu da aiki tun mahaifiyarsu na raye.

Da azahar Uwani ta jingina da kwandon, barci ya kwashe ta ba tare da shan ƙwayar barci ba. Kande ta waiga, ta miƙa hannu wajen ganyen. Zaren ya fara zafi, ta janye.

Sai ta tsuguna, ta share gumin goshin ƙanwarta da tafin hannu, ta shafa a nata goshin. Ta koma bakin hanya, tana jiran tsohon ya dawo.